Yadda Nake Yi Da Sharar Gidana A Zariya, Ta Koma Taki Da 'Yan Kuɗin Kashewa

Wata Agusta ce ba zan manta ba, irin ruwan nan na dare da ake kwana ana zabgawa, da asuba muka tashi muka tarar da silifas ɗin yara suna iyo a zaure, ledar fiya wata da robobin lemo da famfas duk sun biyo ruwan kwata sun shigo gaishe mu har tsakar gida. Da gari ya waye maigida da samarin layi suka zura shebur cikin kwalbatin bakin layi, wallahi abin da suka jawo ba daga wata unguwa ya zo ba, namu ne mu mutanen layin, har ledar omon da nake saya na gani a ciki na yi shiru da bakina. Tun daga ranar na canja yadda nake yi da shara, kuma abin da zan faɗa miki a nan duk a gidan haya na fara shi, ɗaki biyu da ɗan fili a bayan kicin, kar ki ce sai mai babban gida.

Abu na farko da za ki sa a ranki, shara ba abu ɗaya ba ce, mu ne muke haɗa ta. Ɓawon doya shi kaɗai abincin akuya ne. Kwali in yana bushe kuɗi ne. Toka manomi nemanta yake yi. Amma da zarar kin zuba su a bokiti ɗaya kin kwara ragowar miyar kuka a kai kin ɗora famfas, toh shikenan kin haɗa abin da ba mai so, akuya ba za ta ci ba, ɗan bola jari ba zai saya ba, manomi ma sai ya yi tsaki. Saboda haka duk dabarar a wuri ɗaya take, kar jiƙaƙƙe ya haɗu da busasshe tun daga hannunki.

Ki nemi tsohon bokitin fenti mai murfi, shi ne na jiƙaƙƙen abu, ki aje shi daidai inda kike zama kina fere da yanke-yanke, ba can bakin ƙofa ba, don in ya yi nisa ba za ki tashi ba, ni na san halinmu. Sai buhu biyu ki rataye su a ƙusa inda ruwan sama ba ya taɓawa, ɗaya na leda zalla, ɗaya na roba da gwangwani da ƙarafa. Sai tsohon daro na ƙarfe na toka, na ƙarfe fa na ce, don tokar da kike gani ta mutu tana iya riƙe garwashi har washegari. Sai ƙaramin kwando na ainihin shara wadda ba ta da sauran amfani. Satin farko yara za su dinga cakuɗa miki, ki yi ta maimaitawa, ni ƙaramar 'yata na naɗa sarauniyar buhun leda, yanzu ita ke yi wa babanta faɗa in ya yar a ƙasa.

Kafin komai ya shiga bokitin nan, dabba ce ke da haƙƙin farko. Ƙanzo, ƙasari, dusa, ɓawon dankali da na doya da na kankana, ganyen kabeji na waje, duk na awaki da tumaki da kaji ne, in ba ki da ko ɗaya maƙociyarki tana da su, ki aika mata, wata rana za ki ga an aiko miki da ƙwai. Ɓawon rogo ne kaɗai sai kin shanya ya bushe sosai a rana tukunna, ɗanyensa yana da guba, yana iya kashe akuya. Abin da ya yi funfuna kar ki ba kaji. Kuma dan Allah ki zazzage abu daga leda kafin ki miƙa wa dabba, ki tambayi duk wani mahauci ya faɗa miki irin tulin ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awakin da ke kiwo a bola, dabba tana ci tana ramewa mai ita yana ta neman magani alhali leda ce ta cika mata ciki.

Yanzu taki, nan ne zan daɗe don nan ne mutane suka fi kuskure. Da yawa sun ɗauka yin taki shi ne ka tara shara wuri ɗaya ka barta, a'a wannan juji ne. Taki dafa shi ake yi, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cin kayan suna fitar da zafi, kuma kamar kowane mai rai suna son abinci da ruwa da iska daidai gwargwado.

Da rani rami za ki sa a haƙa miki a inuwa, zurfin ƙafa biyu, faɗi da tsawo kamar ƙafa uku uku, don iskar hunturun garin nan in kika tara a fili kwana biyu ya bushe ƙayau kamar kilishi ba abin da zai ruɓe. Da damina kuma akasin haka, rami cika yake da ruwa ya koma kududdufi mai ɗoyi, sai ki tara a sama a wuri mai ɗan tudu ki kewaye da tsofaffin bulo ko guntayen kwano. Wadda take gidan da aka shafe ko'ina da siminti, tsohon durom ko babbar robar ruwa da ta tsage ta isa, a huda mata ƙasa da gefe da ƙusa mai zafi.

A ƙasa ki shimfiɗa karan dawa ko na masara da kika kakkarya, ko totuwa, don iska ta samu hanya. Sai busasshen abu kamar kaurin inci shida, wato ganyen da kika share na mangwaro ko darbejiya, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ɓawon rake wanda ba ya yanke mana a garin nan, yagaggen kwali marar sheƙi. Sai jiƙaƙƙe kamar rabin wancan kaurin, abin cikin bokitinki kenan, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatur, itacen alayyahu, ganyen shayi, ɓawon ƙwai da kika murje, ciyawar da kika cire wadda ba ta yi 'ya'ya ba. Sai ki watsa kashin awaki ko na kaji, sharar turke ko ta akurki da kika yi da safe. Sai ƙasa cikin tafi biyu uku a rufe. Ki yayyafa ruwa. Haka za ki yi ta jerawa hawa hawa duk sanda bokiti ya cika, abin lura kawai busasshe ya ninka jiƙaƙƙe, kuma duk ranar da kika juye bokiti ki rufe shi da ganye ko ƙasa a take, ƙuda ba ya sauka kan abin da bai gani ba bai ji warinsa ba. A saman duka ki lulluɓa tsohon buhu ko tabarmar da ta mutu.

Maganar ruwa, ki damƙi ɗan kaɗan daga tsakiya ki matse a hannu. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu ya yi yawa, ki ƙara busasshen ganye ki juya. In kin buɗe hannu ya watse kamar garin kwaki ya yi kaɗan. In ya dunƙule kamar fura hannunki ya yi danshi, yawwa haka ake so. Kuma ba sai kin sayi ruwan 'yan garuwa don taki ba, ruwan wankin shinkafa da na wanke ganye da na alwala sun isa, ban da ruwan omo da na bilic da ruwan wanke-wanke mai maiƙo.

Ki soka dogon sanda a tsakiya ki bar shi. Bayan kwana uku huɗu ki zaro ki taɓa, in kin ji shi da ɗumi aiki ya kankama, tulin da ya haɗu da kyau zafin cikinsa kan kai digiri 55 zuwa 65, kuma zafin nan shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Da sanyin safiya a watan Disamba har tururi za ki ga yana tashi in kin buɗe, ranar farko da na gani na ɗauka wuta ce ta kama na ruga da buta. Duk bayan sati biyu zuwa uku a juya da shebur, na gefe ya koma tsakiya na ƙasa ya dawo sama. Cikin wata biyu zuwa uku za ki ga ya koma baƙi, ya yi laushi, ba ki gane wannan ɓawon mene ne, ƙamshinsa kamar na ƙasa a ruwan farko. Ganyen mangwaro yana da taurin kai yakan wuce haka, ki tankaɗe da tsohuwar ragar waya ki mayar da ragowar cikin sabon rami. Shi ya sa rami biyu ya fi, ɗaya yana nuna kina cika ɗaya.

Hanci shi zai faɗa miki in an samu matsala. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Warin zarni mai hawa ido, kashin kaji ya yi yawa, ƙara ƙaiƙayi ko garin katako daga wajen 'yan katako. Gara ko tururuwa sun shiga, ya bushe ne, ba shi ruwa. In kin ga gwazarma kar ki tsorata, ki tsince ki watsa wa kaji su yi sallah. Ɓera kuwa ke kika gayyato shi, nama ko ƙashi ko kan kifi ko abinci mai mai ne ya shiga, waɗannan ba sa shiga ramin taki, haka kashin mage da na kare da na yara. Ɓera ba abin wasa ba ne, shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma da rani ta fi tashi.

Toka kuma a yi hankali da ita. Tana da amfani sosai ga ƙasa, amma in kika jibga ta kan ɗanyen kashin kaji sai ta kori ƙarfin takin ya bi iska, wannan zarnin da kike ji shi ne albarkar take tafiya. Barbaɗawa ake yi sama sama kamar gishiri a miya, sauran ki tara a buhu daban, za ki zuba a masai ta kashe wari, ki goge bayan tukunya, ki barbaɗa a akurki. Tokar da aka ƙona leda ko roba a cikinta ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan.

In ya nuna me za ki yi da shi? Buhun shinkafa da ya ƙare ki naɗe bakinsa ki huda ƙasansa, ƙasa kashi biyu taki kashi ɗaya da ɗan yashi, ki watsa irin alayyahu, cikin sati huɗu kin fara yanka. Yakuwa, rama, kuɓewa, attaruhu duk suna yi a buhu. Ledar fiya wata in kin yanke bakinta kin huda ƙasa ta zama ledar reno, a ciki nake tayar da zogale da gwanda da tumatur kafin na dasa. Robar ruwa kuma ki huda murfinta da allura ki yanke gindinta ki kifa ta kusa da saiwa ki cika da ruwa, za ta dinga ɗiga a hankali, da zafin Maris da Afrilu wannan ce ke cetar min shuka. Tsohuwar taya a cika ta da ƙasa a shuka abu, in kin barta a jingine da ruwa a ciki kin buɗe wa sauro ɗakin haihuwa, kwana bakwai zuwa goma ya ishe shi daga ƙwai ya tashi ya cije ki.

Sai busassun kaya. 'Yan bola jari da kike jin kiransu a layi da baro ko kura suna sayen ƙarfe da alminiyam da roba mai kauri irin fasasshen bokiti da kujera da jarka, wasu har tsofaffin silifas, su kuma su kai wa 'yan gwangwan a auna a kilo. Ki sani kuɗin ba ɗaya ba ne, jan ƙarfe irin na cikin wayar wuta ya fi alminiyam tsada, alminiyam ya fi baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba, don haka in kika bari aka haɗa miki su a sikeli ɗaya a farashin baƙin ƙarfe za a biya ki. Ki ware, ki tara ya yi yawa, kuma ki tambayi mutum biyu uku kafin ki sayar. Gwangwanin maltina da na lemo alminiyam ne, ki take su da ƙafa su lotse, irinsu ake narkawa a zuba tukwanen nan na biki. Robobin ruwa da na lemo masu murfi kuwa kasuwarsu tana cikin unguwa, masu zoɓo da kunun aya da masu sayar da man gyaɗa da manja kullum nema suke, ki wanke ki kife su bushe kar ki lotsa su. In kin duba gindin roba za ki ga lamba cikin ɗan zane mai kusurwa uku, 1 ita ce ta ruwa da lemo, 2 da 5 su ne masu kauri irin jarka da bokiti. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba, a ba yaro ya je ya sayar da kanshi, daga nan ne murfin tukunya ke fara ɓata, gobe ludayi, jibi kan famfo. Ke ko maigida ku yi cinikin a ƙofar gida.

Takardun makarantar yara da suka gama aiki, ki duba tukunna, duk wadda ke da aya ko sunan Allah ki ware ta daban a ƙona a wuri mai tsarki a binne tokar, kamar yadda muka taso muka ga iyaye suna yi.

Leda ita ce uwar matsala, ban da wata dabara a kanta da ta wuce a rage shigowarta. Ki sa jaka ko kwando a hannun mai cefane, ki ba yaro roba mai murfi in za shi sayen koko ko wake da shinkafa, don zuba abinci mai zafi a leda ma ba alheri ba ne. Wadda ta shigo mai kyau a wanke a sake amfani da ita. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, mu nan har allura in ka saya sai an ƙulla maka a baƙar leda an kuma saka a wata. Kuma dan girman Allah a daina hura gawayi da leda, na san tana kama wuta da wuri, amma hayaƙin nan guba ne ke da goyonki kuke shaƙa kina tsugune a kansa, totuwa ko guntun kwali ko busasshen ɓawon rake suna yin aikin.

Akwai kayan da ba sa shiga taki, ba sa shiga wuta, ba kuma a ba yaro ya kai bola haka nan. Reza da allura da fasasshen gilashi a zuba a gwangwanin madara a matse bakinsa, ki tuna yaran da ke tonon bola yawanci da silifas suke ba safar hannu. Gwangwanin feshin sauro da na turare fashewa suke a wuta kamar bam. Robar maganin feshi na gona ko ta fiya-fiya ki huda ta yadda ba wanda zai tsinta ya zuba zoɓo, kar ta kuskura ta shiga buhun robobin sayarwa. Batirin mota da na sola da na fitilar caji da yawansu akwai dalma da ruwan batir a ciki, a mayar wa masu sayar da batir suna saye, kar a fasa a gida kar yara su yi wasa da shi, wanda ya tuna abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu sanadin ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ba sai an yi mishi dogon bayani ba. Famfas a zubar da kashin a masai tukunna a naɗe a ƙulle, audugar mata ma a naɗe a ƙulle daban.

In kin yi duk wannan, abin da zai rage a ƙaramin kwandon nan ba yawa, ni da muke fitar da bokiti kullum yanzu sau biyu a sati ne kuma ba ya wari. Saura wa zai fitar, kuma ina za shi da ita. Nan ne muke yaudarar kanmu, ki ba almajiri ko mai baro kuɗi ya sha kwana ya juye a kwata ko kangon wani ko gindin ganuwa, ke kuma ki ce kin fitar da shara. Ki tambaye shi, Malam ina kake zubarwa? Ko sau ɗaya ki sa babban yaro ya bi shi ya gani. In akwai wurin da motar kwasar shara ke zuwa a kusa da ku, ko da ya fi nisa ki ƙara mishi wani abu ya kai can. Mu a layinmu gida shida muka haɗa muka tsayar da mutum ɗaya, Talata da Asabar, ana biyanshi a wata, ya fi sauƙi kuma ya san in ya zubar a kwata aikin ya ƙare. Masu jira hadari ya haɗu su fito da bokiti su juye a lambatu wai ruwa ya tafi da ita, ina ruwan zai kai ta? Kwatocin Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada yawancinsu Kubanni suke gangarawa, Kubanni ta zuba a Galma, kuma a bakin ruwan nan ake noman rani, latas da kabeji da alayyahun da za ki saya gobe ki yi kwaɗo. Iyayenmu da suke hana mu zuwa juji da magariba suna cewa akwai mutanen ɓoye, sannan ga 'yan duba-gari suna shiga gida gida har randa suke leƙawa, ko ba komai a lokacin kowa ya san inda jujin unguwa yake kuma da bazara jakuna suke kwashe shi tas a mangala zuwa gona, don babu leda a ciki.

Yasar kwata kuma a Afrilu ake yi ko farkon Mayu kafin ruwa ya zauna, ba a Agusta ba irin tamu, kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar ko washegari, in aka bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Da babbar sallah kar ki bari a zubar da abin cikin tumbin rago a kwata, ciyawa ce da aka riga aka niƙa, ki sa a juye a ramin taki a rufe da ganye da ƙasa mai kauri, yana sa tuli ya ɗau zafi da wuri. Jinin kuma a tona rami daban mai ɗan zurfi a binne saboda karnuka.

Takin da ya fi ƙarfin buhunanki ki ɗura a buhu ki aje a inuwa. Daga Maris manoman kewayen gari suke fara kai taki gona, kuma yadda buhun takin zamani ya yi tsada yanzu ba za ki sha wahalar samun mai so ba, abin da suke dubawa kawai su zura hannu su ga ba leda ba gilashi. Bara wani dattijo da ke kawo mana itace buhu huɗu ya ɗauka, da kaka ya dawo min da tiya biyar ta masara da damin rake, bana tun Janairu ya aiko a ce in aje mishi.